Kujerar Marigayi Hanawa

Litinin, 9 ga Satumba, 4:20 na yamma

"Fumie, titi ba allo ba ne, ba sai kin karanta shi layi-layi ba. Kalli inda kike son zuwa, motar za ta bi idonki."

Baba ke nan, daga kujerar mai zaman banza, hannunsa ɗaya riƙe da bel, ɗayan yana laluben sitiyarin da babu shi a gabansa. Yau na tuƙa mota karo na farko cikin shekara goma sha tara. Lasisina na zinariya ne, irin wanda hukuma ke bai wa direban da bai taɓa yin laifi ba. Ban taɓa laifi ba saboda ba na tuƙi. Kilomita shida muka zagaya a bayan gari cikin minti ashirin da biyar, har wani mai tarakta ya wuce mu yana sunkuyar mana da kai.

Tun ranar Talatar nan da Baba ya taka totur maimakon birki a gaban kantin magani, ya murƙushe keken wata mata da ke ajiye, makullin motarsa yake cikin jakata. Yaya Norihisa ne ya zare shi daga ƙugiya ya damƙa min, ya koma Osaka, ya bar ni da aiki ɗaya: kafin goma ga Oktoba, ranar da Baba zai cika saba'in da takwas, in kai shi ofishin 'yan sanda ya mayar da lasisinsa. Baba da bakinsa ya yi alkawarin, a tsaye, a gaban mutanen da ya yi wa ɓarnar. Daga ranar bai sake ambatarsa ba. Abin da yake ambata shi ne zai sayi tsohuwar mota, ya shiga tseren tsofaffin motoci na watan Nuwamba a Tsukuba.

Wanda ba shi da lasisin titi ba a ba shi na tsere. Ya sani. Na san ya sani. Shekara ashirin ina koya wa 'yan mata ƙididdiga a Tokyo, wato yadda ake faɗin gaskiya ko da ba ta da daɗi, amma na zauna a gabansa na ce, "To, Baba, wace iri?"

Talata, 10 ga Satumba, 11:00 na safe

Ya sa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza. Mun sayi kwalin alewar wake, mai tsadar. Na tsaya da mota a ƙarshen layin, ya taka da ƙafa zuwa gidan matar mai keken, ba da haƙuri. Minti uku. Ya dawo da kwalin.

Mun sha shayi da ita. Tana da daɗi, abin haushin.

Alhamis, 12 ga Satumba, 5:30 na yamma

Garejin Kawu Ebisawa yana nan yadda na bar shi ina 'yar sakandare, ko kalandar ba ni da tabbacin an canza. Shi ya riƙa ɗaure wa Baba noti shekara ashirin da biyu, lokacin da Baba ke saƙa tabarmar ɗaki ranakun aiki yana tsere da farar motarsa Sunny ranar Lahadi. Mafi girman abin da suka taɓa samu shi ne na shida, wata ranar ruwan sama a 1983. Hoton yana bango. Ba a faɗin cewa motoci bakwai ne suka kai ƙarshe.

Suka zauna kan tsofaffin tayoyi suna tsara sharuɗɗa, ni ina rubutawa, tunda a ganinsu amfanin digiri ke nan. Dole a ce an ƙera motar kafin 1975, dokar masu tseren ce. Dole ta zama mai lamba, wadda za ta kai kanta fili ta dawo da kanta, don babu tirela. Injin ƙarami, don taya da birki su daɗe. Kayan gyaranta su samu da waya ɗaya. Kuma kada ta fi ƙarfin abin da shagon tabarma ya bari, wanda Kawu ya ce a wannan zamani zai iya sayen ƙofa biyu da madubi.

"Bodi ake saye, 'yata, ba inji ba," in ji shi. "Inji ko ya mutu ina tayar da shi. Tsatsa kuwa sai dai a yi mata ta'aziyya."

Baba ya ce ai shi Ebisawa bodinsa ya daɗe da tafiya, injin surutun ne kawai ya ƙi mutuwa. Kawu ya buɗe baki zai rama, idonsa ya sauka kan ƙafar Baba ta dama, ya rufe bakin. Ya tashi ya ɗora ruwan shayi.

An sayar da farar Sunny a watan Afrilun 1995. Na shiga jami'a a watan Afrilun 1995. Babu wanda ya taɓa haɗa waɗannan maganganu biyu a gidanmu, ni ma ba yau zan fara ba.

Asabar, 14 ga Satumba, 6:10 na yamma

Mota ta farko: Sunny, a Oyama, wajen wani dillali mai farin safar hannu wanda ya riƙa kiran motar "jari". Ya ce 'yan ƙasar waje suna rububinta, farashin da ya faɗa kuwa na ɗauka lambar wayarsa yake ba mu.

Baba ya nufi motar. Ya zaro mayen ƙarfe a naɗe cikin hankici, ya durƙusa kamar zai auna ɗaki, ya bi ƙasan ƙofa da shi a hankali. Inda akwai ƙarfe yana kamawa. Inda masu gyaran bodi suka cike rami suka shafe da fenti, sai ya faɗo. Sau tara ya faɗo. Duk lokacin da ya faɗo Baba yana cewa "a gafarce ni" kamar laifinsa ne, dillalin yana ƙara jan safar hannunsa. Muka yi godiya sosai, muka ce za mu yi shawara, wanda kowa ya san ma'anarsa.

A hanyar dawowa ya hana ni taka birki a tsakiyar kwana. A gama da birki tun titi yana miƙe, in ji shi, a shiga kwana da haƙuri, a fita da zuciya. Na ce wannan ai tarbiyya ce ba tuƙi ba. Ya ce Farfesa ta gane.

Da muka zo daidai kantin magani na bi ta wata hanyar. Can sai ya ce, yana kallon taga, "Mota mai kuloci ba ta tafiya sai ka ce mata tafi sau biyu. Waɗannan na yanzu, sau ɗaya."

Na ce haka ne.

Lahadi, 15 ga Satumba, 1:00 na rana

Yaya ya kira. Na ce ana kan hanya. Ban faɗi wace ba.

Talata, 17 ga Satumba, 11:15 na safe

Kwat. Kwali. Minti biyu.

Na fara ƙiba.

Alhamis, 19 ga Satumba, 5:00 na yamma

Mota ta biyu ja ce, 'yar Italiya, a Tsuchiura. Ina ganinta na gane abin da ke sa maza masu hankali su yi ƙarya ga matansu. Kawu ya leƙa cikin inji da tocila, ya karanto lambar da aka buga a jikin ƙarfe, ya buɗe wani littafi da ya sha maiƙo. An ƙera ta wata huɗu bayan iyakar shekarun. Mai ita ya ce ai iri ɗaya ce sak da ta bara, babu wanda zai lura. Baba ya ce mai duba motoci a Tsukuba tsohon malamin lissafi ne, ya san halinsu, yana da ɗaya a gida.

Ta uku, Bellett, a garin da ke gaba, wajen wani manomi. Mayen ƙarfe bai faɗo ko sau ɗaya ba. Kawu ya fito daga ƙarƙashinta fuskarsa kamar ya ga jikansa na fari. Farashin ma ya shiga. Baba ya ce in zauna in juya sitiyari ya ga ko tayoyin gaba suna amsawa. Na juya da ƙyar, da hannu biyu, har da haƙora.

Ya ce ba za mu saya ba, sitiyarin ya yi nauyi.

Kawu ya ce, "Tatsu, kai da ka yi shekara hamsin kana soka allura a tabarma mai kaurin katifa? Hannunka zai iya murɗe wuyan sa."

Baba ya ce ya yi nauyi.

Kawu bai yi mana magana ba har muka sauke shi.

Lahadi, 22 ga Satumba, 4:45 na yamma

Ziyarar kabari. Yaya ya zo da jirgin safe. Muka wanke dutsen Inna, muka canza furanni, muka kunna turare. Baba ya ajiye mata busasshen dankalin da take so, ya daɗe a tsugune, yana ba ta labari a hankali. Na ji kalmar "kafireto".

Yaya ya ja ni wajen famfo. Ya ce an gaya masa ana ganinmu a wuraren dillalan mota. Ya tambaya ko na haukace, ko na manta abin da ya faru, ko ina so ya tuna min. Na ce a'a, na gode, ni na je na ɗauko Baba ranar, shi yana taro. Wannan bai kamata in faɗa ba. Ya cika bokitin har ya zuba masa a takalmi.

Ya ce, "Ke ce mai lambobin. Kin fi kowa sanin me suke cewa game da mutum mai shekarunsa."

Na sani. Ɗalibata ta rubuta kundinta a kai bara, na ba ta maki mai kyau.

Yaya ba mugu ba ne. Tsoro yake ji, kuma shi tsoronsa umarni yake zama. Nawa yana zama barkwanci. Na Baba ya zama mota.

Saura kwana goma sha takwas.

Talata, 24 ga Satumba, 11:05 na safe

An buɗe masa ƙofa yau. Ba a karɓa ba, amma an buɗe.

Asabar, 28 ga Satumba, 7:00 na yamma

Zan rubuta wannan a jere, ko zan ga inda na yi kuskuren.

Kawu ya huce, ya kawo labarin wata mota MG ta 1971, koriya, ƙarama kamar bahon wanka, ta marigayi Hanawa, likitan haƙori a Kasama, wanda ya yi shekara talatin yana zuwa na kusa da ƙarshe a Tsukuba cikin farin ciki. Matarsa ba ta sa ta a kasuwa ba. Dillalai biyar ta kora. Ba a zuwa wajenta a taya, in ji Kawu, zuwa ake yi ta duba mutum.

Don haka muka je da kwat da kwali. Wannan karon an karɓa.

Uwargida Hanawa tsohuwa ce 'yar firit mai ido kamar na mai karɓar tikiti. Kafin mu ga ko taya sai da ta kai mu gaban hoton mijinta. Muka durƙusa ɗaya bayan ɗaya, muka kunna turare, muka kaɗa ƙararrawa, muka haɗa hannu. A hoton yana sanye da hular kwano, sai hanci da murmushi. Ta ce shekara talatin tana dafa masa abincin fili tun asuba, ba ta taɓa shiga motar ba, don kujera ɗaya ce, kuma ko biyu ne ba ta da niyya. Ta ce ba ta son motar. Ƙararta kawai take kewa.

Motar tana ƙarƙashin bargo. Mayen ƙarfe ya faɗo sau ɗaya tak, ta ce nan ne ya gogi bango a 2004, ya zo gida yana murna. Akwai ɗigon mai a ƙasa, Kawu ya ce motar da ta haura hamsin in ba ta ɗiga ba to babu mai a cikinta. Ƙarfen kariya yana nan, bel mai hannu huɗu yana nan, takardun duba lafiyarta ba su ƙare ba. A jikin ƙofa, da farin fenti, sunan Hanawa da rukunin jininsa, yadda ake yi don masu ɗaukar marasa lafiya su gani.

Baba ya shiga. Kujerar tsere ba ta matsawa gaba ko baya, ɗaure take da ƙasa daidai jikin mai ita, Hanawa kuwa gajere ne. Gwiwoyin Baba suka tokare sitiyari. Ya taka kuloci da ƙafar hagu, lafiya. Ya ɗaga ta dama. Ta tsaya a sama, tsakanin birki da totur, ba ta sauka ba. Makullin yana jiki. Na ƙirga har goma sha biyu.

Ya fito. Ya ce kujerar ta yi masa kusa.

Kawu ya ce noti huɗu ne, aikin minti goma.

Baba ya ce, "A bar ta yadda take. Fumie, shiga ki taka min birki in duba fitilar baya."

Na shiga. Ba na son rubuta wannan, amma kamar an auna ni. Ƙafafuna suka sauka inda ya kamata, hannuna ya faɗa kan giya ba tare da na nema ba. Wurin yana warin mai da man shafawar tsoho. Na taka birki. Babu wanda ya je duba fitilar.

Muka koma ɗaki, aka kawo shayi, muka zauna a gaban hoton, hayaƙin turarenmu bai gama tashi ba. Farashin da ta faɗa ya yi araha har Kawu ya sunkuyar da kai don kunya. Sai ta ce sharaɗinta ɗaya ne: motar ta koma fili a Nuwamba, ita kuma za ta zo ta zauna a kwana ta farko ta ji. Ba ajiya ba, ba jirgin ruwa zuwa ƙasar waje ba. Ta dube mu mu uku.

"Wa zai tuƙa?"

Kawu ya kalli silin. Baba ya kalli shayinsa. Ya buɗe baki, na ga kunnuwansa sun yi ja. Zai yi wa matar mamaci ƙarya a gaban hoton mijinta, ko kuma zai faɗi abin da ya yi wata guda bai iya faɗa wa 'ya'yansa ba, cewa ba zai iya tuƙi kuma ba, a gidan mutane, a gaban Ebisawa. Shirun ya yi tsawo. An tarbiyyantar da ni a kan cewa ba a barin shiru ya yi tsawo a kan babba.

Na ce, "Ni ce, Uwargida."

Nufina in cike wurin ne kawai, kamar yadda ake cewa shayin ya yi daɗi. Amma ta juya ga hoton, ta kaɗa ƙararrawa, ta gaya masa. Da sunana. Ta tambaye ni yadda ake rubuta shi don ta faɗa daidai.

Muka kama hanyar gida, muka wuce wata gada. Sai Baba ya ce, "Ni dai ban ce komai ba."

Kawu yana baya yana wani tari da ban yarda da shi ba.

Lahadi, 29 ga Satumba, 9:30 na safe

Sitiyarin ya yi nauyi. Wa ya yi wa nauyi?

A gama da birki tun titi yana miƙe.

Shiga ki taka min birki.

Shekara ashirin ina koya wa mutane ganin tsari a cikin bayanai.

Lahadi, 29 ga Satumba, 3:00 na rana

Na tambayi Baba kai tsaye, tun yaushe ya shirya ni ce zan tuƙa. Yana yanke farce a baranda. Ya ce shi bai san abin da nake nufi ba. Ya ce ya so ya tuƙa ta, har cikin garejin matar nan ya so. Ya ce wani lokaci mutum yana neman abu biyu da tocila ɗaya.

Na ce zan iya kiran ta in ce kuskure ne. Ya ce ƙwarai, lambarta tana jikin firij, amma in tuna an riga an gaya wa mamacin, shi kuma ba shi da waya.

Na kira Yaya maimakon haka. Na gaya masa. Sai ya ce, "Ke? Ke da kike rufe ido a kan matakala mai tafiya?" Ya yi dariya har ya shaƙe. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin Talatar nan. Sannan ya ce saura kwana goma sha ɗaya.

Talata, 1 ga Oktoba, 11:40 na safe

Minti ashirin ya yi a ciki. Ya dawo hannu babu komai. Matar ta ce ba sai ya sake zuwa ba. Ta rako shi har bakin ƙofa.

Sabon keken yana jingine a wajen, da kujerar yara a baya, shuɗiya.

Ranar, kujerar babu kowa a cikinta. Minti biyu kafin nan akwai.

Ba zan sake rubuta wannan ba.

Alhamis, 3 ga Oktoba, 2:30 na rana

Ba a yi wa mota rajista sai 'yan sanda sun ba da takardar shaidar wurin ajiya. A zana taswirar gida, a auna filin, a buga hatimi, sannan su turo mutum ya zo ya gani da idonsa. Filinmu ɗaya ne, gaban tsohon shagon, kuma ƙaramar farar motar Baba tana kai, da sabuwar bambarta da ba ta dace da launin sauran jikin ba.

Baba ya auna filin da ma'aunin tabarma, ya zana taswirar da kyau fiye da ta hukuma. Da ya gama ya tsaya yana kallon farar motar. Ya kwashe abin da ke cikinta: lema, tabarau, layar kariya ta wurin ibada wadda wa'adinta ya wuce da shekara biyu, da matashin Inna. Ya kira Kawu ya ce ya zo ya ɗauke ta, ya nema mata gida.

Ya wanke ta kafin a zo. Har tayoyin.

Laraba, 9 ga Oktoba, 4:00 na yamma

An ce takardar wurin ajiya ta fito, mu je mu karɓa. Muka taka da ƙafa tunda yanzu ba mu da mota. Ya sa kwat ɗin. Na lura, ban tambaya ba.

Kanta ta biyu ce ta takardar. Muka karɓa, ya duba hatimin, ya miƙo min. Na nufi ƙofa. Da na waiga ba ya bayana. Yana kanta ta biyar.

Na san kanta ta biyar, nan ake mayar da lasisi. Wata guda ina tsara yadda zan kai shi gabanta. Na rubuta jawabi uku a kaina, ɗaya har da alƙaluma.

'Yar sandar yarinya ce, ta tambaye shi ko da son ransa ne, ko iyalinsa ne suka matsa. Ya ce iyalinsa ba su da wannan ƙarfin. Ta karanta masa cewa daga wannan minti ba zai sake tuƙa komai ba. Ya ce ya ji. Ta tambaya yadda zai koma gida. Ya nuna ni da haɓa ya ce yana da direba, 'yar tsere ce. Yarinyar ta dube ni, da siket ɗina da jakar littattafai, ta ce madalla.

Ta huda katin da abin huda takarda, ta mayar masa da hannu biyu, ta sunkuya ta ce ya sha aiki, shekara hamsin da tara. Ƙarar hudawar ƙarama ce ƙwarai. Ban san me na zata ba.

An ba shi jerin wuraren da za a yi masa rangwame. Tasi, gidan wanka, shagon tabarau, da gidan taliya na kusa da tasha. Ya ce tunda hukuma ta ce, sai mu ci taliya. Ya ci kwano biyu. Ni na kasa gama ɗaya, na ce barkono ne.

Alhamis, 10 ga Oktoba, 8:00 na safe

Saba'in da takwas. Na aika wa Yaya hoton katin mai huda. Ya kira Baba, sun yi minti arba'in suna maganar yanayi.

Talata, 15 ga Oktoba, 5:45 na yamma

Talata ce, kuma babu kwat.

MG ta iso ranar Asabar. Kujera ɗaya ce, don haka ba zai iya zama kusa da ni ba. Yana tsayawa a bakin hanyar gonakin shinkafa da agogon Kawu, ina wucewa ina dawowa, yana sauraro. Daga ƙarar kawai yake sanin laifina. Na kashe ta sau goma sha huɗu ranar farko, jiya sau biyu. Ya ce ina canza giya kamar ina neman afuwarta.

Uwargida Hanawa ta aiko da hular kwanon mijinta. Kawu ya duba ciki ya ce shekarunta sun wuce, ba za a yarda da ita a fili ba, don haka na sayi sabuwa, fara, na yi kama da naman kaza. Tsohuwar tana kan kabad kusa da hoton Inna. Ina ganin za su saba.

Na tambayi matar ta waya ko a bar sunansa a ƙofa. Ta ce a goge, jininsa ba zai amfani kowa ba yanzu, kuma kada a je a ɗura min irin nasa, ya cika sanyin hali.

Baba ne ya goge. Ya haɗa farin fenti, ya ɗauko burushin da yake rubuta allon shago da shi. Ya rubuta sunana. Ya tsaya a wurin jini. Na ce sai na duba katin asibiti, ban tuna ba.

Ya ce, "A ne, irin na uwarki. Ni na riƙe ki ranar da aka ɗiba, kika ciji likitan."

Ya rubuta.

Lahadi, 20 ga Oktoba, 7:50 na safe, a filin Tsukuba

Yau ne kwas ɗin lasisin tsere. Lacca da safe, jarrabawa, sannan zagaye a bayan malami. In na ci, Nuwamba. Akwai mutum goma sha tara, sha takwas maza ne, duk sun zo su leƙa motar, biyu sun gane ta, ɗaya ya cire hula. Ina zaune a cikinta ina rubutu a kan gwiwa don hannuna ya sami abin yi. Jarrabawar ba ta dame ni ba. Kwana ta farko na gani daga nan, kuma ta fi yadda take a taswira matsewa.

Na ɗauka Baba zai biyo ni a motar Kawu. Ya ce a'a, yau ba ranar 'yan kallo ba ce, kuma in yana wurin shi zan riƙa kallo maimakon titi. Nuwamba zai zo, shi da Uwargida Hanawa, ya ji ta ce za ta yi abinci.

Ƙarfe shida ya riga ni fitowa. Ya duba mai, ya duba ruwa, ya bi tayoyi huɗu da ma'auni. Na shiga. Ya sunkuyo ya ja bel ɗin kafaɗa har numfashina ya tsaya, ya ce in ina iya magana bai ɗauru ba. A kan allon gaba, kusa da agogon mai, na ga an manna wani abu da salatif. Katin ne, mai huda. Hotonsa yana harara ta.

Na ce, "Baba, wannan ai ya daina aiki."

Ya ce, "Ba tuƙi zai yi ba. Zama zai yi."

Na ce ina jin tsoro. Ban shirya faɗa ba, bel ɗin ne ya matso shi waje. Ya ce daidai ne, shi ma shekara ashirin da biyu kullum sai ya yi amai a bayan garejin kafin a fara, in tambayi Ebisawa, shi ke riƙe masa hula. Ya ce na shida ba dole ba ne. Na kusa da ƙarshe ma wuri ne, Hanawa ya riƙe shi shekara talatin babu wanda ya ƙwace.

Na taka kuloci. Na murɗa makulli. Ta tashi, karen maƙwabta ya tashi.

Ya ja da baya taku ɗaya, ya kama ƙofar da hannu biyu, ya rufe ta daga waje, a hankali, har ta ce ƙas. Ya buga rufin sau biyu da tafin hannu, yadda Kawu ke buga masa a hoton.

Na ce mata tafi, sau biyu. Ban kalli madubi ba. Ya ce in kalli inda nake son zuwa.